Ranar da motata ta yi rawar ɗari a gaban surukata

Duk wanda ya taɓa ɗaukar surukarsa a mota ya san addu'arsa ɗaya ce: Allah Ya sa a isa ba tare da an ji kunya ba. To ni ranar muna kan hanyar Zariya dubiya, dab da Kwanar Dangora sai ga akuya ta tsallaka titi. Na taka birki a hankali, irin na surukin kirki. Ai kuwa sitiyari ya kama kakkarwa a hannuna kamar mai zazzaɓin cizon sauro, gaban motar duka na rawa, har goron da Hajiya ta ɗora a cinya ya gangara ƙarƙashin kujera.

"Innalillahi! Malam, lafiyar motar nan kuwa?"

"Lafiya lau, Hajiya. Titin ne."

Titin kuwa sumul kamar faranti. Daga nan har Zariya, duk sanda na kai ƙafa birki sai Hajiya ta fara Ayatul Kursiyyu, ni kuma gumi na tsiyaya a ƙeya. Da muka dawo Kano ta yanke hukuncinta: baki ne ya kama motar. Washegari ta aiko jikanta da turaren wuta da wata 'yar laya a rataya a madubi.

Ni da nake ganin na yi boko, sai na nufi wajen mai faci. Ya yi wa tayoyi balansin, wato daidaita nauyinsu, ya manna musu 'yan dalma, ya karɓi kuɗinsa. Rawa na nan. Wani abokina ya ce alaimen ne, wato saitin tayoyi, na je aka yi. Rawa na nan. Wani direban tasi a majalisarmu ya rantse da Allah tayarod ne, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, na saya aka sa sabo. Rawa ta ƙaru ma, don yanzu har aljihuna ya shiga ciki.

A ƙarshe aka haɗa ni da wani dattijon makanike mai gareji a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ko motar bai kalla ba, yana kurɓar shayinsa ya tambaye ni:

"Alhaji, kana gudu take rawar, ko sai ka taka birki?"

"Sai na taka, Baba."

"A hannunka kake ji ko a mazauninka?"

"A hannu."

"To faifan birkin gaba ne. Da a kujera kake ji, da na baya za mu duba. Da kuma tana rawa kana cikin gudu ba ka taɓa birki ba, shi ne za a zargi taya. Wa ya aike ka balansin?"

Na yi shiru. Tambaya biyu kacal, ni kuwa na yi mako uku ina rabon kuɗi kamar ɗan takara.

Yaransa suka ɗaga motar da jak, amma ƙusoshin taya suka ƙi kwancewa, sai da aka zura dogon bututu a sifana. Baba ya ce wane azzalumi ne ya ɗaure su haka? Na ce ban sani ba. Ni ne. Duk sanda na canja taya, hawa sifanar nake da ƙafa biyu ina tsalle, wai kada taya ta fice. Ashe idan aka matse wata ƙusa fiye da wata, faifan ba ya zama daidai a mazauninsa. Ɗaya bayan ɗaya ake ɗaurewa, ana tsallake ta kusa zuwa ta ƙetare, kamar ana zana tauraro.

Da aka cire tayar, faifan ya fito da shuɗi-shuɗi da tabo baƙaƙe nan da can. Baba ya shafa da yatsa, ya ɗago ya dube ni.

"Wannan ya sha wuta. Ina ka kai ta?"

Nan fa na tuna tafiyata daga Jos zuwa Akwanga watannin baya. Tun daga saman Hawan Kibo har gindinsa ƙafata ba ta bar kan birki ba, saboda tsoro, maimakon in sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar. Da na sauka na ji ƙauri, tayoyin gaba na hayaƙi. Sai dabara ta zo mini: na sayi fiyawata leda guda, na dinga fasawa ina watsa wa ƙafafun. Suna "cuuu" ina murna na ceci mota.

Yaran garejin suka kwashe da dariya, ɗaya har da riƙe ciki. Baba dai girgiza kai ya yi. Ya ce ƙarfe mai zafi ba ya son ruwan sanyi farat ɗaya. Fuskar faifan ta daina zama bai ɗaya, wani wuri ya fi wani kauri. Kaurin bai wuce na gashin kai ba, amma duk juyin da taya ta yi sai takalmin birki ya yi tuntuɓe da shi, tuntuɓen ne ke hawowa sitiyari. Ga kuma kalifa, wato abin da ke matse takalman birki a jikin faifan, ƙusarta ɗaya ta bushe ba giris, takalmin gefe guda ya cinye saura kaɗan ƙarfe ya fito.

Na roƙa a kai wa mai injin ya fere faifan, don ya fi araha. Baba ya nuna mini wata lamba da aka buga a gefensa, iyakar sirantar da aka yarda ya kai ke nan. Ya auna, ya ce mai motar na farko ya riga ni ferewa, idan aka ƙara sai dai in yi faifan tuwo da shi. Haka na tafi kasuwar kayan gyaran mota ta Kofar Ruwa na sayo faifai biyu, don ba a canja ɗaya a bar ɗaya, da sababbin takalma. Aka wanke kalifa aka sa giris. Muka hau titi, ya sa ni in kai sittin in rage a hankali, sau wajen goma, don takalmin ya saba da faifan. Sitiyari tsit, kamar ba shi ba.

Ranar Juma'a na je gaishe da Hajiya, ta ce in sauke ta gidan suna. Muka isa shataletale, na taka birki da gangan, mota ta tsaya lumui. Hajiya ta kalli layar da ke lilo a madubi, ta gyara mayafi.

"Ka gani ko, Malam? Ku 'yan boko ba ku yarda da komai."

"Gaskiya ne, Hajiya. Allah Ya saka da alheri."

Rasit ɗin Kofar Ruwa yana aljihun gabana, na ƙara tura shi ciki.