Na'ura ta iya rubuta yarjejeniya, amma ba ta san Sakkwato ba

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana, kuma a cikinta an raba aiki: marubuci ya rubuta da adalci, wanda ake bi bashin ya yi masa shifta, sannan a kafa shaidu. Marubucin ba shi ke ƙago sharuɗɗa ba. Da wannan ma'aunin ya kamata mu auna manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Gemini da Claude, yanzu da yaro a shagon buga takardu zai iya fito maka da "agirimen" mai shafi biyar kafin shayinka ya huce. A matsayin magatakarda suna da amfani ƙwarai. Wanda ya bar musu shiftar kuwa, ya sa hannu a kan cinikin da bai yi ba.

Dalili yana cikin yadda aka gina su. Manhajar ba ta buɗe kundin dokokin Jihar Sakkwato ta duba. Kalmomi take jerawa bisa abin da ta fi cin karo da shi, kuma yarjejeniyoyin da suka cika intanet na Amurka ne da Ingila, na Najeriya kuwa galibi na Legas. Duk gurbin da ka bari, da kayan can za ta cike shi. Nemi takardar hayar shago a unguwar Mabera da ke Sakkwato, kana iya ganin ta jingina ta da dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda ba ta da hurumi a nan. Nemi sashen sasanci, ta ambaci dokar 1988, alhali an maye gurbinta da sabuwa a 2023. Haka dokar kamfanoni: ta 2020 ke aiki, ba ta 1990 ba. Wani lokacin ma ƙirƙirowa take yi. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ta ƙaga, da sunaye da lambobi kamar gaske. Lauyoyi ke nan, balle mai shagon da bai taɓa shiga ajin shari'a ba.

Amma inda abin ya fi shafarmu shi ne fiƙihu. Yawancin masu ƙulla ciniki a nan Musulmi ne, kuma in rigima ta tashi kotun shari'ar Musulunci suka fi nufa, inda ake hukunci da mazhabar Malikiyya. Manhajar kuwa, in ba ka hana ta ba, kusan kullum sai ta saka sharaɗin cewa wanda ya makara da biya zai ƙara kashi kaza duk wata. A Landan wannan ba abin magana ba ne. A gaban alƙali a Sakkwato sunansa riba, wato kuɗin ruwa.

A ce ɗan kasuwa zai ba manomin Goronyo kuɗi tun ana dashe, ya karɓi albasa buhu 200 in ta nuna. Wannan salam ne, kuma yana da sharuɗɗa: a biya kuɗin gaba ɗaya a farko (Malikawa sun yi rangwamen kwana uku), a fayyace irin kayan da adadinsa, a yanka wa'adi, kuma kayan ya zama bashi ne a wuyan manomi, ba amfanin wata ƙayyadaddiyar gona ba. Manhajar da ba a gaya wa haka ba za ta rubuta rabin kuɗi yanzu, rabi in an kawo kaya, domin haka ta saba gani, kuma da wannan layin ɗaya ta ɓata cinikin. Sai kuma kalmar "buhu". Wane buhu? Duk wanda ya san kasuwar albasa ya san buhu suna ne kawai. Akwai wanda ake cikawa har a ɗora masa hula. A rubuta kilo. A rubuta wa zai biya kuɗin mota da na lodi, a ina za a auna, da ranar da asarar ruɓewa za ta tashi daga kan manomi ta koma kan mai saye. Rigimar albasa ba ta wuce waɗannan.

Haka ƙirali, wato ka ba mutum jari ya juya, ku raba riba. Ribar kaso ce, rabi ko sulusi, ba naira kaza duk wata ba. In aka yi asara ba da sakaci ba, mai jari ne ya yi ta, mai juyawa ya tashi a wahalar banza. Manhajar, da nufin kāre ka, za ta so ta rubuta cewa dole a dawo maka da uwar kuɗinka ko ta halin ƙaƙa. Daɗin karantawa gare shi, amma ya fitar da yarjejeniyar daga ƙirali.

Saboda haka aikin gaske kafin a taɓa waya ake yin sa. Ku zauna ku biyu da biro ku tsayar da magana: su wa ke ƙulla cinikin, me ake sayarwa, nawa, yaushe, kafin alƙalami nawa ne kuma ana mayar da shi ko ba a mayarwa in an fasa, la'adar dillali a wuyan wa take, wa zai shiga tsakani kafin a je kotu. In ɗayanku kamfani ne, a ɗauko sunansa da lambar rajistarsa daidai yadda suke a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. In sunan kasuwanci ne kawai aka yi wa rajista, mai shi ne zai sa hannu da sunansa, don sunan shago ba mutum ba ne a idon doka. In cinikin ya ƙetare Illela zuwa Ƙwanni, a faɗi da naira ne ko da sefa, da canjin wace rana, da dokar wace ƙasa, tunda Nijar tsarin dokar kasuwanci na OHADA, wanda wasu ƙasashen Afirka suka yi tarayya a kai, take bi. Sai a miƙa wa manhajar wannan jerin tare da umarni uku a fili: a Jihar Sakkwato ake, kada ta saka kuɗin ruwa, kuma duk abin da ba a faɗa mata ba ta tambaya, kada ta cike da kanta. Sunaye na gaskiya da lambar NIN da BVN da lambar asusu a bar su a waje, a sa "Mai Saye" da "Mai Sayarwa", a cike daga baya. Abin da ka zuba a manhaja ya bar hannunka.

Fili da gida kuwa, a nan na ja layi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. Sashe na 22 ya ce mai takardar mallaka ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewarsa, sashe na 26 kuma ya rushe cinikin da aka yi ba tare da ita ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Babu manhajar da za ta je ma'aikatar filaye ta duba ko an riga an jinginar da filin a banki, ko ta bi unguwa ta ji cewa gidan na gādo ne, ba a raba ba, kuma akwai ƙanwar da ke aure a Tambuwal wadda ba a shawarta ba. Ba za ta tuna maka da shuf'a ba, haƙƙin abokin tarayya na ya karɓi kason da aka sayar wa bare a kan farashinsa. Masu shagunan kwamfuta su ma su sani: dokar aikin lauya ta haramta wa wanda ba lauya ba ya shirya takardar da ta shafi fili ko gida don a biya shi. Cewa na'ura ce ta rubuta ba zai wanke wanda ya karɓi kuɗin ba.

Akwai kuma batun harshe, wanda ake rainawa. Babbar Kotu da Turanci take aiki, kotunan shari'ar Musulunci da Hausa, kuma Hausar waɗannan manhajoji ba ta kai Turancinsu ba. Kalma ɗaya kamar "jingina" tana iya fitowa da ma'anar da ba ita kuke nufi ba, gonar da aka ba da riƙo ta koma kamar an sayar. In za a yi takardar da harsuna biyu, mutum mai jin duka biyun ya gwada su layi-layi, a kuma rubuta wadda za a bi in sun saɓa. Wanda zai dangwala yatsa kuwa, dokar kāre marasa karatu ta buƙaci marubuci ya sa sunansa da adireshinsa, ya bayyana cewa an karanta masa an fassara masa kafin ya dangwala. Manhajar ba ta saka wannan sai an nema. Dattijon da ya iya Larabci da ajami amma bai yi boko ba fa? Kotuna sun saɓa a kan matsayinsa, don haka a saka masa bayanin, ba ya cin komai sai layi uku.

Kada a ɗauka ina cewa a jefar da ita. Inda ta fi burge ni shi ne bayan an gama daftari: ka ce mata ta karanta shi a matsayin lauyan abokin cinikinka, ta nuna ƙofofin da zai bi ya kuɓuce. Tana kamo inda adadi a lamba ya saɓa da adadi a kalmomi, da wa'adin da aka ce "bayan sallah" ba a ce wace sallar ba. Takardar da banki ko kamfanin taki ya miƙo maka da ƙananan haruffa, za ta warware maka ita sashe-sashe, ka je wurin lauya da tambayoyinka a hannu maimakon ka je ka zauna shiru.

Kowace doka da lambar sashe da ta ambata, a nemo asalinta a gani da ido. Wadda ba a samu ba a goge ta. A sa hannu a kowane shafi, ba na ƙarshe kaɗai ba, shaidu biyu su rubuta cikakken suna da unguwa, a biya harajin hatimi, kowa ya tafi da kwafinsa na asali. Takardar rancen naira dubu hamsin tsakanin maƙwabta tana iya tsayawa a nan. Wadda ta shafi fili, ko gādo, ko jarin da in ya nutse gidanka zai girgiza, a kai wa lauya daftarin ya gyara ya buga hatiminsa, in kuma akwai shakkar halacci a fara biyawa ta wurin malamin da ya karanci babin ciniki.