Ashe man giya ja ne

Tunda labarin ya riga ni isa majalisa, har an barbaɗa masa gishiri da barkono, gara ku ji shi daga bakin mai shi. Wanda ya ce muku na kashe inji ƙarya yake yi. Wanda ya ce ya ga hawaye a idona shi ma ƙarya yake, gumi ne. Watan Afrilu ne a Garwa, zafi ya haura digiri 40, ko jaki aka kwantar a ƙarƙashin mota sai idonsa ya yi ruwa.

Kun san Corolla ɗin nan tawa ƙirar 2006, mai sa wa kanta giya, wadda na sayo ta hannu daga Duwala. Kwanakin baya ta tsiri wata 'yar fizga idan za ta shiga giya ta biyu, kamar mutumin da ya fita gida ya tuna ya manta hula. Na kai ta wurin mutumin namu, bakaniken nan na Yelwa. Ya zaro sandar awo, ya shinshina, ya ce man giya ya tsufa, a yi mata bidanj, wato a juye tsohon mai a zuba sabo. Ni zan sayo mai, kuɗin hannu kuma sefa 5,000. Na ce jaka biyar don kwance noti ɗaya tak? Ya ce, "To Alhaji, ka kwance da kanka mana." Shi da wasa ya faɗa. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni.

A daren na kalli wani Bature a YouTube har sau uku, yana aikin a wani gareji da ya fi falona tsabta. Kuma kada ku raina ni, na koyi abubuwa. Na san irin wannan mota mai T-IV take sha, ba kowane jan mai ba. Na san idan an kwance notin, kamar lita 3 ne kawai ke fitowa, ragowar na maƙale a cikin wani tulu mai juyawa da ke tsakanin inji da giya. Na san ta bututun sandar awo ake ɗura sabo, kuma ba a auna shi sai inji na aiki, ya yi ɗumi, mota na kan P, a wuri mai shimfiɗa. Duk na haddace kamar karatun allo. Abu ɗaya ne ya wuce ni, wataƙila lokacin da na tashi ɗauko ruwan sanyi ya faɗe shi: noti biyu ne a ƙarƙashin mota.

Ranar Asabar na sayo lita 4 a kasuwa, na ari sifana mai lamba 14, na ɗaga motar a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, na tokare ta da bulo. Abin tarar mai ne babu, sai na lallaɓa na ɗauko babbar robar uwargida, wadda take jiƙa geron kunu a ciki. Ku riƙe maganar robar nan, za ta dawo.

Kawu Direba yana tsallaken lungu a kan tabarmarsa, da butar shayinsa a kan gawayi. Na gaishe shi, ya amsa. Ya dubi bulo, ya dubi roba, ya dube ni, ya ci gaba da fifita wuta.

Na shige ƙarƙashi, yashi na gasa min baya. Ina ɗaga ido sai ga noti ƙato yana kallona, sifana kuma ta zauna masa caf kamar tare aka haife su. Na murɗa, na murɗa, sai ga mai ya tsinko, da ɗuminsa, ya bi hannuna har gwiwa. Baƙi ƙirin! Wallahi daɗin da na ji a lokacin ko ranar da aka biya ni bashin shekara biyu ban ji irinsa ba. Na fito da rarrafe ina kiran yaran unguwa: "Ku zo ku ga abin da motata ke sha! Ku ga cutar da bakanikai ke mana!" Na tsaya a tsakar lungu na yi huɗuba a kan mutanen da ba sa dogaro da kansu. Da na duba roba na ga man ya tasam ma lita 4, alhali Bature ya ce 3, sai na yanke hukunci cewa hannuna ya fi nasa albarka.

Autata ce, wadda ko makaranta ba ta gama sabawa da ita ba, ta leƙa galan ta leƙa roba ta ce, "Baba, wannan ja ne kamar folere, wancan kuma baƙi." Na shafa kanta na ce haka tsufa yake yi wa komai, ta dubi gemun Kawu, da baƙi ne. Yara suka yi dariya. Kawu ya kurɓi shayi ya ce, "Uhm. Sannu da aiki." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ku rubuta ku ajiye.

Na ɗaure noti, na sauke mota, na yanke gorar ruwa na haɗa ta da guntun tiyo na yi mazurari. Lita ta farko ta shige sumul. Ta biyu ta shige tana gunaguni. Ta uku kuwa sai da na riƙa lallashinta, daga ƙarshe ta fara dawowa sama tana kumfa a bakin bututu. Na ce wa yara iska ce, haka take yi. Na goge hannu, na shiga, na murɗa makulli don in auna kamar yadda aka koya min.

Akwai wata jar fitila a gaban direba mai siffar butar shayi da ɗigo ɗaya a bakinta. Kullum idan an tayar da mota takan kama ta mutu nan take. Ranar ta kama ta ƙi mutuwa. Sai inji ya fara wata ƙara, kaf-kaf-kaf, kamar keken ɗinki da ya shekara bai ga mai ba. Ina nan ina tunanin ko ita ma iska ce, sai na ji murya ta tsaga lungu: "Kashe! Kashe ta, ɗan nan!" Kawu ne, a tsaye, tsohon da sai an kama hannunsa yake tashi zuwa masallaci. Na kashe. Duka-duka bai kai a ƙirga goma ba.

Na kira mutumin Yelwa. Ya saurare ni har na gama, ya yi shiru, sannan ya ce hannunsa da aiki, zai turo yaro.

Yaro fa! Aparantin nan nasa siriri, mai rigar Coton Sport da ta koma launin ƙasa, wanda shekarunsa ba za su wuce 14 ba, wanda nake ba sefa 100 ya sayi ƙosai idan na je gareji. Shi kilando, wato babur ɗin haya, ya sauke a ƙofar gidana, daidai lokacin da aka sallame La'asar, jama'a na fitowa daga masallaci. Ba wanda ya wuce. Har liman ya rage tafiya yana gyara rawani.

Yaron ya gaishe ni da ladabi, har da rusunawa, kuma ladabin nan ya fi komai ƙona min rai. Bai tambaye ni komai ba. Ya buɗe gaban mota, ya zaro sanda mai rawayan kai, ya goge ta a tsumma, ya mayar, ya sake zarowa. Ya ɗaga ta sama saitin rana. Ba ni ya nuna wa ba, jama'a ya nuna wa, ya juya dama, ya juya hagu, kamar mai gwanjo. A bushe take ƙamas. Sannan ya zaro ɗayar, wadda na ɗura wa mai. Ta jiƙe ta wuce alamar sanyi, ta wuce alamar zafi, ta haura inda ko masu ƙera motar ba su ga dalilin yin alama ba. Ita ma ya nuna ta dama da hagu.

Sai ya tsuguna gaban roba. Ya tsoma ɗan yatsa, ya murza, ya kai hanci. Ya daɗe yana shinshinawa, ni kuwa na san tun kafin ya tsuguna ya san amsa. Ya ɗago ya ce, "Baba, wannan ai baƙin mai ne."

Na ce na sani baƙi ne, shi ya sa na zubar.

Ya ce, "A'a Baba, sunansa ke nan. Baƙin mai. Na inji. Wanda muka zuba maka wata biyu da suka wuce."

Lungu ya yi tsit. Sai wani daga baya, kuma na san muryar, mai shagon caji ne, ya fassara maganar da Fillanci don amfanin waɗanda ba su ji ba. Wani malamin makaranta ya ƙara da Faransanci. Da harshe uku aka ci mutuncina a ƙofar gidana, ina tsaye da hannu baƙi har gwiwa da sifanar aro. Yaron bai gama ba. Ya kwanta ya leƙa, ya kira ni: "Baba, zo ka gani." Sai da na kwanta kusa da shi a gaban kowa, babbar riga ta riga ta tafi, ya nuna min: ga na inji ta ɓangaren fasinja, ga na giya ta ɓangaren direba, tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba. Ya ce man giya ko ya tsufa ba ya yin baƙi irin haka, ruwan ƙasa yake komawa, da warin ƙonewa. Ya ce idan ya yi yawa kuma ƙarafan ciki na kaɗa shi ya yi kumfa, giya ta riƙa zamewa. Daga ƙarƙashin mota ina jiyo autata tana gaya wa liman, "Ni na ce masa ja ne."

Amma duk wannan na yafe. Wanda ban yafe wa ba Kawu ne. Mutumin nan shekara talatin yana jan babbar motar auduga daga Garwa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, ya hau hawan dutsen nan sau ba adadi da lodi, kullum yana mana alfaharin da kunne yake gane ciwon inji. Daga inda yake zaune yana ganin ƙafafuna, ya san ta wane ɓangare na shiga. Ya ga launin man. Ya ji huɗubata daga farko har ƙarshe. Ya bar ni na ɗura lita 3 yana zuba shayi zagaye na biyu. Da dare na same shi na ce, "Kawu, don Allah me ya hana ka magana?" Ya ce, "Ka tambaye ni?" Ya ƙara da cewa shi motar da take sa wa kanta giya bai san kanta ba, ta ragwaye ce.

Ƙarya yake, ni na san dalili. Watan Janairun 2022 ne, da aka kawo gasar cin kofin Afirka filin Rumde Ajiya. Na yi masa alkawarin kai shi wasan Najeriya da Masar, don ya ce yana so ya ga Salah ido da ido kafin ya mutu. Ranar wasan surukaina suka diro daga Yola su shida, mota ta cika har but, na bi ta bayan lungu don kada mu haɗa ido. Ashe ya sa sabuwar shadda tun azahar yana zaune. Iheanacho ya ci ƙwallo ɗaya, Najeriya ta yi nasara, Kawu a rediyo ya ji. Na ba shi haƙuri ya fi sau goma, na kai goro, da sallah na kai cinyar rago. Ya karɓa duka, ya ce ba komai, ya wuce. Ashe ajiya ya yi. Kuma ku lura da lissafin tsohon: bai bari injin ya mutu ba, don ya san a motar ake kai shi ganin likita. Ni kaɗai yake so in mutu, kuma a gaban liman.

Lissafin kuɗi ba sai na yi muku dalla-dalla ba. Sabon baƙin mai lita 4, don wanda ke roba iska ta riga ta cika shi da yashi da furen darbejiya, kaza ma ta taka. Yaron ya kwance notin gaskiya, tsoho da sabo suka fito a cakuɗe, aka zubar, na ƙaro lita 2 a kan ɗayar da ta rage. Kuɗin kilando zuwa da komawa. Jaka biyar ɗin nan dai na biya ta, har da ƙarin biyu, wai na aikin waje. Mutumin Yelwa bai ce min uffan ba, sai dai yanzu duk wanda ya yi masa cinikin kuɗin hannu sai ya ce ya je ya tambayi Alhaji na Hausare.

Robar kuwa an wanke ta da omo, an wanke da toka, an shanya kwana uku, har yanzu idan an zuba ruwa sai bakan gizo ya taso a sama. Na sayo wata, uwargida ta ce ba girmansu ɗaya ba, waccan kuma tun kayan aurenta ce. Yau kwana tara ba a dama kunu a gidan nan ba. Motar tana tafiya, fizgar ta ragu amma ba ta bari ba, yaron ya ce sai an sake wani bidanj ɗin nan gaba. Kawu kuma ya aiko jikansa ɗazu, wai in zan je kasuwar Pitowa ranar Lahadi in tsaya masa, gaba yake so ya zauna.