Akuyar maƙwabta da zogalena

Tun saukar ruwan farko na shuka zogale da yakuwa a bayan ɗaki, na jera fulawa a gindin katanga, ina kuma lallaɓa wata 'yar magarya da ta tsiro da kanta. Jiya da hantsi na dawo na tarar da akuyar maƙwabta a ciki. Zogalen saura kara tsirara. Magaryar ma, duk da ƙayarta, ba ta tsira ba, don akuya ba ta jin tsoron ƙaya.

Wallahi raina ya ɓaci. Ba na jin haushin bushiyar da ke shigowa da dare, ƙwari take ci, taimakona take yi. Tsuntsaye su tsattsagi abin da za su tsattsaga, rabonsu ne. Amma akuya tana da mai ita! A ƙauye da zarar shuka ta fito kowa ya san dabba sai turke. Me ya sa a gari ake sakinsu su yi ta yawo?

Na je na yi magana, matar gidan ta ce, "Haba maƙwabciya, ai zogale yana tofowa." Yana tofowa mana, amma wata biyu na yi ina rainonsa, kuma yau da safe na sake ganin akuyar tana leƙen ƙofata.