Bitamin D ba maganin rashin haihuwa ba ne

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kwanakin nan shi ne yadda masu tallar magani a Facebook da TikTok suka mayar da bitamin D maganin haihuwa. Macen da dangin miji suka dame ta da gori, duk abin da aka ce ta sha, sha za ta yi. A ci kuɗinta da alkawarin ciki rashin imani ne.

Maganar tana da tushe, ba na musu. A 2018 masana a Jami'ar Birmingham ta Ingila sun haɗa bincike 11 kan mata 2,700 da aka yi wa aikin taimakon haihuwa irin su IVF (haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji, a mayar cikin mahaifa), suka ga waɗanda bitamin D ɗinsu ya cika sun fi samun haihuwa. Sai dai mai isasshen bitamin D galibi ita ce mai fita rana, mai cin abinci mai kyau, marar ƙiba sosai. To wanne ya yi aikin? A Italiya aka gwada kai tsaye da mata 630 masu ƙarancinsa: wasu aka ba su shi da yawa lokaci guda kafin IVF, wasu aka ba su na bogi. Da sakamakon ya fito a 2021, samun ciki bai ƙaru ba.

Ban ce a yi sakaci da shi ba. Kar a ce ai rana ta ishe mu: baƙar fata ta fi jinkirin samar da shi daga hasken rana, kuma wadda ke wuni a ɗaki, in ta fita ta rufe jiki, tana iya rasa shi ko a Sakkwato take. A gwada jini. Idan bitamin D ɗin da ke jinin ya gaza 20 ng/ml a takardar gwajin, likita ya rubuta adadin da za a sha, a haɗa da kifin sadin da gwaiduwar ƙwai. Shan sa barkatai kuwa yana taruwa a jiki, ya ɗaga kalsiyom, har ya kawo tsakuwar ƙoda.

Babban tsorona shi ne lokaci. 'Yar'uwa tana ta shan ƙwayar bitamin D wata da watanni, alhali bututun mahaifarta ne a toshe, shekaru kuma na tafiya, ƙwan haihuwa na raguwa. Maigida kuma ko sau ɗaya bai kai maniyyinsa gwaji ba, bayan kusan rabin matsalolin rashin haihuwa da hannun namiji a ciki. Alhaji, don Allah ka raka ta asibiti, kai ma ka ba da naka a duba.