Mu ji kunya, tsofaffin ɗalibai: makarantar da ta raine mu tana zubewa

Makon jiya na je ƙauyenmu ta'aziyya, bayan an shafa fatiha sai na ce bari in leƙa makarantar sakandaren da muka yi. Wallahi 'yan'uwa, da na san abin da zan tarar, da na shirya wa zuciyata. Ajin da muka zauna a shekarar ƙarshe, iskar farkon damina ta yaye rabin kwanonsa, gara ta cinye katakon da ya rage, jemagu sun mayar da silin gidansu, yara kuma suna zaune a kan bulo suna rubutu a cinya. Katangar baya ta faɗi tun bara, har makiyaya sun mayar da wurin hanya. Masan 'yan mata ba shi da ƙofa, tsohon zane aka rataya.

Na ɗauki hoto na tura zaurenmu na WhatsApp, kafin la'asar amsoshi sun cika waya, kuma duk bakinsu ɗaya: "Ai wannan aikin gwamnati ne." Wannan kalma ita ce ta hana ni barci. Mutanen da suka faɗe ta su ne suka tara kuɗi a watan Disamba muka yi taron shekara, aka ɗinka anko, aka yanka raguna, aka kama zauren otal a Birnin Kebbi, aka raba wa juna lambar yabo. Yabon me? Kuɗin shaddar wannan rana kaɗai da ya sayi bandir ɗin kwano da kusa da zai rufe aji biyu. Ranar anko ba wanda ya ce a jira gwamnati, sai da aka zo maganar rufi kowa ya tuna akwai ta.

Ban ce gwamnati ba ta da nauyi ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, amma tallafin ya tsaya ne a aji uku na ƙaramar sakandare, kuma ba ya fita sai jiha ta ajiye nata kason. Mu nawa ne a zauren nan muka taɓa rubuta takarda, muka bi ta har ma'aikatar ilimi? A cikinmu akwai daraktoci, akwai injiniya, akwai mai shiga ofishin ɗan majalisa ba sallama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu mun gwammace mu zagi gwamnati a Facebook mu kwanta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne katangar nan. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe ta Zamfara. A ranar 17 ga Yunin 2021 aka shiga kwalejin Birnin Yauri, wasu daga cikin yaran sai da suka kusa shekara biyu a daji. A Nuwamba 2025 aka kai hari makarantar 'yan mata ta Maga, a nan Danko-Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makaranta. Na sani katanga kaɗai ba ta tare mai bindiga, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma uban da ya ga makaranta ba ƙofa, ba fitila, ba mai gadi sai tsoho guda da sanda, cire 'yarsa zai yi ya aurar da ita. Idan ya yi haka, mu ne kuma za mu fara kiransa jahili. Ba mamaki zafin abin bai taɓa mu ba, tun da namu 'ya'yan suna makarantun kuɗi a birni, ana kai su a mota ana ɗauko su.

Ku kuma ƙannena da ke ƙauyen, ba ku tsira ba. Tagogin da suka ɓace ba aljanu suka cire su ba, wani ne ya kai wa 'yan gwangwan, kuna zaune a majalisa kuna kallo, kowa kansa a waya.

Iyayenmu da ba su taɓa riƙe alli ba, da aikin gayya suka tayar da ajujuwan farko na makarantar nan. Wani ya kawo yashi a kan jaki, wani ya ba da buhun gero aka sayar, mata suka ɗebo ruwa a tulu tun asuba. Sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ce aikin gwamnati ne ba. Idan kwano ɗaya ya ɗaga, kafin azahar mai gari ya aiko kafinta. Yau muna da digiri, muna da albashi, amma mun rasa abin da suke da shi.

Shekaranjiya na sake tura wa zauren lissafin da birkila da kafinta suka yi mini, na ce kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, a fara da rufi da ƙofar masai. Zuwa yanzu mutum uku ne suka amsa, biyu daga cikinsu hoton hannu mai addu'a suka turo.