Na'urar Dangwale Ba Ta Koyar da Walda

Abin da ake yayi yanzu a wasu makarantun koyon sana'a shi ne a kafa na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa, a haɗa ta da kwamfuta. Ɗalibi ya yi fashin wasu kwanaki a jere, sai ta goge sunansa, ba tare da wani malami ya ko tambaye shi lafiya ba. Kuɗin da ya biya kuwa sun tafi ke nan. Masu makarantun sai tinƙaho suke yi wai sun kawo tsari.

Hujjarsu ɗaya ce, wai horo ne, tunda gobe mai gareji ba zai lamunci makara ba. Wannan magana ce ta wanda bai san su waye ɗalibansa ba. Mai zuwa koyon ɗinki ko gyaran lantarki galibi ba yaro ba ne. Uwa ce mai goyo, ko magidanci da ya kwana aikin gadi. Wanda kuma ya wuni yana goga ƙarfe da sanfefa, zanen yatsansa kan shafe, ya dangwala sau biyar na'urar ta ƙi shi, a rubuta bai zo ba alhali ga shi tsaye da baƙin mai a riga. Can bayan aji kuwa akwai wanda bai taɓa fashi ba, bai kuma taɓa riƙe kan walda ba, domin mutum ashirin ke layi a kan inji ɗaya. Shi za a ba takardar shaida.

Ba wanda ya ce sana'a na shiga hannu daga gida. Dole a zauna a ɓata ƙarfe kafin a iya. Amma in da gaske ƙwarewa ce ta dame su, me ya sa ranar rajista ba a tsananta? Ranar nan ba tambaya, ba gwaji, kawo kuɗi kawai. Sai an zo fita ne dokoki ke fito da haƙora.

A Jamus, wadda kowa ke buga misali da ita, doka ta tanadi lokacin gwaji na wata 1 zuwa 4 a farkon koyon sana'a, wanda a cikinsa kowane ɓangare na iya janyewa nan take. Bayan nan mai koyo na iya barin sana'ar da sanarwar mako 4, amma maigidan ba ya korarsa sai da babban dalili. Tun 2020 ma kowa na iya neman rage sa'o'insa har zuwa rabi, a tsawaita masa lokacin koyo. Ko Amurka, inda makarantun kuɗi suka yi ƙaurin suna, ɗalibi ya janye kafin kashi 60 na zango, dole a lissafa tallafin gwamnatin tarayya da bai ci ba a mayar. Jihar Kalifoniya ta ba shi damar soke rajista har kwana 7 bayan sa hannu, ko zuwa ranar darasin farko.

Su kuma makarantun, wa ke ɗaukar sunansu in sun yi fashi? Malami ya yi mako bai leƙo ba, inji ya mutu wata guda, ba wanda ke rage wa ɗalibi ko sisi. A 2016 ITT Tech, wata babbar makarantar fasaha ta kuɗi, ta rufe rassa sama da 130 a Amurka dare ɗaya, ta bar dubban ɗalibai da bashi a wuya.

Hukumomin da ke ba su lasisi su tilasta musu lokacin gwaji, da hutun uzuri ga mai jinya ko haihuwa, da mayar da kuɗi gwargwadon abin da ba a koyar ba. Wanda ya yi fashi a miƙa masa ƙarfe biyu ya haɗa a gaban malami. In makaranta ta ƙi, a fara goge nata sunan daga rajista.