Gwiwa ta raba Bobby Orr da wasa, cin amana ya raba shi da dukiya

Duk lokacin da aka ɗauko zancen Bobby Orr, shahararren ɗan wasan hokin ƙanƙara, a Kanada ko a Boston, abin da mutane ke fara faɗa shine kaico, da ace gwiwarsa ta bar shi da ba a san inda zai kai ba. Gaskiya ne kam, mutumin ya ajiye wasa yana ɗan shekara 30 a watan Nuwamba na 1978, lokacin da sa'o'insa ke tsakiyar ganiyarsu. Amma ni a ganina an cika ɗora wa gwiwar nan laifi har ta rufe ɗaya ɓarnar, wadda ita ce ta fi ciwo, domin ciwon gwiwa ƙaddara ce da kuma irin salon wasansa, amma yadda ya bar Boston da yadda ya tashi hannu babu komai, wannan kam aikin mutane ne da gangan, kuma an san su.

Ga wanda bai saba kallon hokin ƙanƙara ba, kowane ɓangare mutum shida ne a fili, gola ɗaya, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku, suna gudu da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa suna kora wani ɗan faifan roba da sanda, zagaye uku na minti 20 kowanne. Kafin zuwan Orr aikin ɗan baya a bayyane yake, ka tare, ka bangaje mutum, ka miƙa wa 'yan gaba faifan ka koma mazauninka. Akwai irinsu Doug Harvey na Montreal da suka iya raba faifai sosai, amma dai ba a tsammanin ɗan baya ya zama shi ke jan ragamar cin ƙwallaye a gasa gaba ɗaya. To sai ga wannan yaro daga Parry Sound, wani ƙaramin gari a lardin Ontario inda aka haife shi ranar 20 ga Maris 1948, yana ɗauko faifan tun daga bayan ragarsu ya ratsa fili kaf ya wuce mutum uku huɗu kamar suna tsaye, ya ci ko ya ba wani ya ci, sannan idan abin ya ƙwace ya riga kowa dawowa gida saboda gudunsa. Ka ɗauka lamba biyar ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ne ya gama kaka yana gaba da duk 'yan gaba a cin ƙwallo da taimakawa, kuma har yanzu shine wanda ya fi kowa iya tare gida.

Masu ƙungiyar Boston Bruins sun hango shi tun yana ƙaramin yaro, yana shekara 14 suka kai shi ƙungiyar matasa ta Oshawa Generals, ya shiga babbar gasa ta NHL a 1966 yana ɗan 18 aka ba shi kyautar sabon ɗan wasan da ya fi fice. Bruins a lokacin suna can ƙasan tebur, rabonsu da kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, tun 1941. Daga 1968 zuwa 1975 Orr ya lashe kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya sau takwas a jere ba wanda ya shiga tsakani, Harvey da Nicklas Lidström bakwai bakwai suka tsaya. Ya ɗauki Art Ross, wato kyautar wanda ya fi kowa maki a gasa (ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci), sau biyu, 1970 da 1975, kuma har yau babu wani ɗan baya da ya taɓa ɗaukarta ko sau ɗaya in ba shi ba. A kakar 1970-71 ya tara maki 139, a ciki 102 taimako ne. In kana son sanin nauyin wannan, ka duba yadda aka yi ta shagali da Erik Karlsson ya kai 101 a 2023, domin an shafe shekara 30 da ɗoriya babu ɗan bayan da ya taɓa 100, shi kuwa Orr kaka shida a jere yana wuce ta.

Sai hoton nan da kowane gidan mai son hoki ya sani. Ranar 10 ga Mayu 1970, wasan ƙarshe na kofin Stanley da St. Louis Blues, an tafi ƙarin lokaci, daƙiƙa 40 kacal da farawa abokin wasansa Derek Sanderson ya turo masa faifan daga bayan raga, ya zura wa gola Glenn Hall, a daidai lokacin sandar Noel Picard na Blues ta ɗebe masa ƙafa, sai ga shi a miƙe cikin iska hannu biyu a gaba baki buɗe yana ihu tun bai faɗo ba. Kofin farko cikin shekara 29 kenan, suka ƙara ɗauka a 1972, kuma duka biyun shi aka zaɓa gwarzon wasannin kofin.

Toh amma wanda ke ratsa mutane da faifai a kowane dare dole a riƙa kai masa karo, kuma gwiwarsa ta hagu ce ta riƙa ɗauka tun kakarsa ta farko. A wancan zamani babu tiyatar nan ta ɗan ƙaramin rami da kyamara, farke gwiwar ake yi a yanke guringuntsin da ya yage a ɗinke, kuma kowane yanka yana rage abin da ke raba ƙashi da ƙashi, har aka kai matakin da ƙasusuwan ke gugar juna. An yi masa aiki a gwiwa sama da sau goma. Wasannin Kanada da Tarayyar Sobiyet na 1972 a gefe ya kalle su saboda ita. A kakar 1975-76 wasa 10 kawai ya buga wa Boston. Duk da haka ya lallaɓa ya buga gasar Canada Cup ta 1976 da wannan gwiwar, Kanada ta ɗauki kofin aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar, abokan wasansa sun sha ba da labarin yadda da ƙyar yake taka ƙafar kafin a shiga fili. Wannan ɓangaren ban ga wanda zan riƙe da laifi sosai ba, likitancin lokacin iyakarsa kenan, shi kuma ba irin mutumin da zai rage gudu don ya daɗe bane.

Inda nake da magana shine kan Alan Eagleson. Lauya ne daga Toronto, shine wakilin Orr tun kwantiraginsa na farko a 1966, kuma daga 1967 shine shugaban ƙungiyar 'yan wasan NHL gaba ɗaya, ya riƙe kujerar kusan shekara 25, sannan yana shirya gasannin ƙasa da ƙasa hannu da hannu da masu ƙungiyoyi, wato mutanen da ya kamata ace yana ja da su a madadin 'yan wasa. Mutum ɗaya hula uku. A 1976 da kwantiragin Orr ya ƙare, Bruins sun yi tayin da ya haɗa da ba shi hannun jari sama da kashi 18 cikin 100 na ƙungiyar, Orr ya ce shi wakilinsa bai taɓa kawo masa wannan magana ba, abin da aka nuna masa shine Boston ta gaji da shi tunda ƙafa ta lalace. A haka ya sa hannu wa Chicago Black Hawks, ƙungiyar Bill Wirtz wanda aminin Eagleson ne, kan dala miliyan 3 na shekara biyar. Wasa 26 kawai ya iya buga musu cikin kaka uku, kuma ya ƙi karɓar albashin yace ba zai ci kuɗin wasan da bai buga ba. Da aka zo aka yi lissafin dukiyarsa bayan ya yi ritaya, mutumin da ya fara sa hannu kan kwantiragin dala miliyan ɗaya a tarihin NHL a 1971, sai aka tarar bashin da ke wuyansa ya fi abin da ya mallaka.

Masu kare Eagleson suna da hujjarsu kuma bai kamata a share ta ba. Sukan ce shine ya ɗaga albashin 'yan wasa a lokacin da masu ƙungiyoyi ke biyan abin da suka ga dama, kuma hakane, kwantiragin Orr na farko ya buɗe wa na baya ƙofa. Sukan kuma ce ai Orr ba yaro bane a 1976, shekararsa 28, zancen hannun jarin ma ya fito a jaridu, shi da kansa ne ya ƙi zama da shugabannin Bruins ido da ido ya bar komai a hannun wakili. Na yarda ya yi sakaci. Sai dai a tuna wannan yaro ne da aka ɗauke daga gaban iyayensa tun yana ƙarami, bai san komai ba sai ƙanƙara da sanda, mutumin da ya riƙe masa takardu tun yana matashi ya zame masa kamar yaya, to in ka ce laifinsa ne da ya yarda da shi, me ake biyan wakili ya yi kenan? Kuma ko da Orr ya so kai ƙara, ƙungiyar 'yan wasa ce wurin kai ƙarar wakili, shugabanta kuwa shine wakilin. Nan ne tsarin ya ruɓe, kuma manyan gasar sun zuba ido shekara da shekaru domin shugaban 'yan wasa mai sauƙin kai a wurin ciniki riba ce gare su.

Orr ya raba gari da Eagleson a 1980, amma sai da aka ƙara shekara goma kafin wani ɗan jarida, Russ Conway na wata ƙaramar jarida mai suna Eagle-Tribune a jihar Massachusetts, ya zauna ya bi takardu ɗaya bayan ɗaya ya tono yadda ake wasa da kuɗin inshorar 'yan wasan da suka ji rauni da kuɗin tallace-tallacen gasannin Canada Cup. Wani tsohon ɗan baya kuma, Carl Brewer na Toronto Maple Leafs, ya daɗe yana wannan faɗa tun ana masa kallon mai neman rigima, shi da wasu tsoffin 'yan wasa irinsu Gordie Howe suka maka NHL a kotu kan rarar kuɗin fansho suka yi nasara, kimanin dala miliyan 40. A watan Janairu 1998 Eagleson ya amsa laifin zamba a kotun Boston da ta Toronto, aka yanke masa wata 18, ya yi wata shida ya fito, aka karɓe lambar girmamawa ta ƙasa da Kanada ta ba shi, sannan Orr da wasu manyan tsoffin 'yan wasa suka ce ko a cire shi daga zauren karrama gwarazan hoki ko su su fice, dole ya sauka da kansa.

Wata shida wallahi ya yi kaɗan in ka auna da mutanen da suka karye a fili aka yi musu wasa da haƙƙinsu. Orr dai ya sake gina kansa da tallace-tallace da kasuwanci, ya biya wa Sanderson kuɗin magani lokacin da shaye-shaye ya kayar da shi, daga baya a shekarun 1990 shi ma ya buɗe aikin wakilcin 'yan wasa yana kula da yara masu tasowa. Amma hannun jarin nan na Bruins ya wuce har abada, kuma cikin masu ƙungiyoyin da suka ji daɗin zama da Eagleson duk tsawon shekarun nan babu ko ɗaya da ya kwana a gidan yari tare da shi.